Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Lasifika da Amfilifaya don Ƙaton Ɗaki

Galibin lasifikun gida an ƙera su ne don ɗaki matsakaici, inda mai sauraro ke zaune mita 2 zuwa 3 daga gare su. Idan aka kai irin waɗannan kaya ƙaton falo, sai a ji sautin ya yi sanyi, kaurinsa ya tafi, muryar mawaƙi ta riƙa yawo tsakanin bango da bango. Ga tambayoyin da masu irin wannan ɗaki suka fi yi.

Wane ɗaki ne za a kira babba?

Kada ka tsaya ga faɗin ƙasa kawai, ka haɗa da tsayin silin, domin iskar da ke cikin ɗakin ce lasifika za ta motsa. Ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4 da tsayin mita 2.7 yana ɗauke da iska mita kubik 54. Wanda ya kai mita 10 da mita 7, silin kuma mita 4, ya tashi mita kubik 280, wato ninki biyar da ɗoriya. In falon a buɗe yake zuwa ɗakin cin abinci ko matattakalar bene, to ka lissafa da su, sautuka masu kauri, wato bas, ba ruwansu da inda ka ce falo ya ƙare.

Amma akwai abin da ya fi girman ɗakin tasiri, shi ne tazarar da ke tsakanin kujerarka da lasifika. Mai zama a mita 3 cikin ƙaton ɗaki bai da matsalar mai zama a mita 6. Kafin ka tambayi kowa komai, ɗauki tef ka auna wannan tazarar.

Wat nawa nake buƙata?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma ba ta da amsa sai an san lasifikar da za a jona. A takardar bayanin kowace lasifika akwai lamba da ke nuna ƙarar da take bayarwa idan an ba ta wat 1 aka auna daga mita 1. Ita ce amsawar lasifika, ana rubuta ta da desibel, ma'aunin ƙarar sauti. Lasifikun gida da yawa suna tsakanin desibel 84 da 90. Manya masu ƙaho sukan haura 95.

Ƙa'idoji uku ne ke riƙe da lissafin. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Idan kana so kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Sannan a fili, duk lokacin da tazara ta ninka, desibel 6 ke zubewa. A cikin ɗaki asarar ba ta kai haka ba, saboda bangaye suna maido da wani abu.

Mu ɗauki lasifika mai desibel 86, kujera a mita 5. Tazarar ta ci desibel 14, saura 72. Lasifika ta biyu ta ƙara kamar 3, ɗakin ya ƙara kamar 3, mun tsaya a 78 da wat 1. Idan kana so ƙololuwar kiɗa, irin dukan ganga ko tashin makaɗa gaba ɗaya, ta kai desibel 100 ba tare da sautin ya fashe ba, kana buƙatar ƙarin desibel 22, kusan wat 160 ke nan ga kowace lasifika. In kuma burinka ma'aunin sinima ne, inda ƙololuwa ke kai desibel 105, buƙatar ta tashi zuwa wat 500.

Yanzu sauya lasifikar da mai desibel 96, komai na nan yadda yake. Wat 160 ɗin nan ya koma 16, wat 500 ya koma 50. Shi ya sa nake cewa a babban ɗaki lasifika ake fara zaɓa, amfilifaya ya biyo baya. Kuma idan ka matso da kujera daga mita 5 zuwa mita 3, ka samu fiye da desibel 4 a banza, daidai da ninka ƙarfin amfilifaya kusan sau uku.

To me zai hana in sayi amfilifaya mai wat 1000 in huta?

Lasifikar ba za ta iya shanye shi ba. Mafi yawan wutar da ke shiga lasifikar gida zafi take zama, abin da ke fitowa a matsayin sauti bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yayin da kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika, ya ɗau zafi, turjiyar wayar tagullarsa tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na Selsiyos. Idan ya ƙara digiri 100, turjiyar ta ƙaru da kusan kashi 40, wutar da ke shiga ta ragu. Kana ƙara murya, amma ƙarar ba ta tashi yadda ya kamata, kiɗan ya daskare, bambancin da ke tsakanin sanyin sauti da tashinsa ya dushe.

Ga kuma iyakar motsi. Takardar lasifika, wato faifan da ke gabanta, gaba da baya take yi tana tura iska, kuma akwai inda ba za ta wuce ba. Duk lokacin da sauti ya ƙara kauri har yawan kaɗawarsa a daƙiƙa (Hz) ya sauka da rabi, misali daga Hz 80 zuwa Hz 40, sai takardar ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Takarda mai inci 6 da rabi tana da faɗin kimanin santimita murabba'i 135, mai inci 15 kuwa ta kai wajen 850. Abin da babbar za ta yi da motsin milimita 1, ƙaramar sai ta yi milimita 6. Wat ba ya ƙara wa takarda faɗi.

Lambar amsawar da kamfani ya rubuta abin dogaro ce?

Da sauƙi dai. Kamfanoni da yawa suna aunawa da bolt 2.83, wanda yake daidai da wat 1 idan lasifikar mai om 8 ce (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta). Idan mai om 4 ce, wannan bolt ɗin wat 2 ne, don haka lambar ta kumbura da desibel 3. Wasu kuma a cikin ɗaki suke aunawa, bango ya taya su. Nemi awon da masu gwaji masu zaman kansu suka yi. In ba ka samu ba, cire desibel 2 ko 3 daga abin da aka rubuta, ka yi lissafinka da sauran.

Me ya sa duk lasifikun da ke da babbar amsawa manya ne? Babu ƙarama da za ta yi aikin?

Babu. Masu ƙira suna da wata doka da ake jinginawa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin lasifika na KLH: ƙaramin akwati, zurfin bas, da babbar amsawa, biyu za ka samu, na ukun sai haƙuri.

Tarihin lasifika ma a kan wannan ciniki ya ginu. A shekarun 1940 amfilifaya masu bawul ne, wato kwalaben lantarki na gilashi, wat ɗinsu kaɗan, don haka dole lasifika ta kasance ƙatuwa mai saurin amsawa. A lokacin ne Altec Lansing ya fito da manyan lasifikun ƙaho na gidajen sinima, Paul Klipsch kuma ya fara sayar da Klipschorn a 1946, wadda ake jinginawa a kusurwar ɗaki domin bangaye biyu su zama ci gaban ƙahonta. Har yanzu ana ƙera ta, kuma amsawarta ta haura desibel 100. Sai a 1954 Edgar Villchur ya kawo AR-1, ƙaramin akwati rufaffe mai zurfin bas, wanda ya biya farashin hakan da cin wuta. Da amfilifaya masu tiransista suka zo wat ya yi araha, kasuwa ta bi ƙananan akwatuna, domin su ne ke shiga ɗakin kowa. Kai da kake da ƙaton ɗaki ba ka da dalilin yin wannan sadaukarwa. Wuri ne abin da kake da shi a wadace, sai ka yi amfani da shi.

An ce lasifikar ƙaho tana da tsawa, tana gajiyar da kunne. Gaskiya ne?

Wasu tsofaffi da wasu masu araha haka suke, murya takan fito kamar ta hanci. Ƙahonin zamani da aka tsara da kwamfuta sun rabu da yawancin wannan aibi, sai dai kunnenka ne alƙali, ka saurara kafin ka biya.

Amfanin ƙaho a babban ɗaki bai tsaya ga ƙara ba. Yana tattara sauti ya nufi inda kake zaune, maimakon ya watsa shi ko'ina. Abin da ke isa kunnenka kashi biyu ne: wanda ya taho kai tsaye daga lasifika, da wanda ya bugi bango, silin ko ƙasa ya dawo. Kana nisa, na farko yana raguwa, na biyun kuwa kusan yana nan yadda yake. Akwai tazarar da idan ka wuce ta, ɗakin kake saurara fiye da lasifikar. Lasifika mai tattara sauti tana tura wannan iyaka nesa, sai kalmomi su fito tangaram ko daga baya. Abin lura guda: lasifika mai babbar amsawa ba ta rufa wa amfilifaya asiri. Duk wani ɗan huci ko gurnani da ke cikinsa za ta fito da shi.

Lasifiku masu siffar allo fa, irin na Magnepan, Quad ko MartinLogan?

Dogayensu suna da wata fa'ida: a kusa da matsakaiciyar tazara, ƙararsu tana raguwa da kusan desibel 3 ne idan nisa ya ninka, ba 6 ba. Suna kuma son a janye su daga bangon baya da mita 1 ko fiye, abin da babban ɗaki ke da hali. Amma amsawarsu ƙasa take, suna da iyakar ƙara, kuma ba su da naushin bas. Ga mai sauraron murya da kayan kiɗan tsirkiya a matsakaiciyar ƙara, sun yi ƙwarai. Mai son ganga ta doki ƙirjinsa ya duba wani wuri, ko ya haɗa musu sabwufa, wato lasifikar da bas kawai take fitarwa.

A tsohon ɗakina bas ya cika, a nan kuwa kamar an sace shi. Me ya faru?

Ƙaramin ɗaki yana taimaka wa bas ba tare da ka sani ba. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon zangon Hz 20 ya kai mita 17. Sauti mafi kauri da ke amsawa tsakanin bango biyu ana samunsa ne idan aka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. A ɗakin mita 5, Hz 34 ke nan. Ƙasa da wannan, rufaffen ɗaki yakan riƙe matsin iska ya ɗaga bas. A ɗakin mita 10 lambar ta sauka zuwa Hz 17, ƙasa da abin da kunne ke ji, don haka wannan kyauta ba ta zo maka.

A gefe guda kuma ka ci riba. Ƙaramin ɗaki yana kumbura wasu sautuka ya haɗiye wasu har zuwa wajen Hz 170, yayin da a ɗaki mai mita kubik 280 wannan rikici yakan lafa tun daga wajen Hz 90. Bas ɗin babban ɗaki ya fi daidaito, yawansa ne kawai sai ka saya da kuɗinka.

Maganin shi ne sabwufa, kuma fiye da ɗaya. Binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, sabwufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna, ko huɗu a tsakiyar kowane bango ko a kusurwoyi, suna daidaita bas a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya komai girmanta, kuma bayan huɗu ribar ba ta taka kara ta karya ba. A irin ɗakin da muke magana, ni ba zan duba ƙasa da inci 12 ba, 15 ko 18 sun fi kwanciyar hankali. Idan ka yanke sautin da ke ƙasa da Hz 80 daga manyan lasifikun ka miƙa wa sabwufa, ka sauke musu nauyi mafi wahala, har muryoyi ma za su fi fita da tsabta.

Sautin yana amsa-kuwwa, magana ba ta fita. Lasifika mafi tsada za ta gyara?

A'a, wannan aikin ɗaki ne. A 1895 jami'ar Harvard ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga wani zauren ya jera, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita har gobe: lokacin yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abubuwan da ke shanye sauti.

Ɗakin sauraro a gida ya fi daɗi idan sauti na mutuwa cikin kimanin rabin daƙiƙa ko ƙasa kaɗan. Bisa ƙa'idar Sabine, ɗaki mai mita kubik 280 yana buƙatar abin da ya kai murabba'in mita 90 na cikakken mashayin sauti kafin ya kai haka. Kujera ɗaya da ɗan kafet ba za su kusanci wannan ba, musamman inda ƙasa tayil ce, bango siminti, taga gilashi. Fara da kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, labule masu nauyi da ninki, kujerun yadi, kantocin littattafai. Sannan allunan audugar gilashi ko audugar dutse masu kaurin santimita 10, a wuraren da sauti ke fara bugawa a bangon gefe da silin. Gano wurin ba wuya: zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, inda ka hango lasifika a ciki nan ne. Siririn soson nan mai tudu-tudu siraran sautuka kawai yake sha, ya bar maka gurnanin.

Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In ka ji wani kaɗawa mai sauri na biyo baya, bangaye biyu ne ke jifan juna da sauti, ɗaya daga cikinsu na buƙatar sutura.

Wane irin amfilifaya ya dace?

Wanda ke da isasshen rara, kuma bai tsoron om 4. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan faɗi zuwa 4 ko 3 a wasu sautuka. Duba takardar amfilifaya: idan yana ba da wat 200 a om 8, kuma 350 zuwa 400 a om 4, to yana da ƙashin baya. Idan lambobin biyu sun yi kusa, ko ba a ambaci om 4 ba sam, yi hattara. Ka kuma tabbatar an auna wat ɗin ne da duka tashoshin suna aiki tare, ba ɗaya ba.

Amfilifaya aji-aji ne. Aji A yana ɓarnar mafi yawan wutarsa a zafi, don haka mai wat ɗaruruwa a wannan aji murhu ne. Aji AB shi ne na gargajiya, mai nauyi, abin dogaro. Aji D yana mayar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na wuta zuwa aiki, ba nauyi, ba zafi. An daɗe ana raina shi, amma na'urorin kamfanonin Hypex na Holan da Purifi na Denmak sun kashe wannan magana, kuma ga mai buƙatar wat da yawa nan zan fara dubawa. Amfilifayan dandalin wasa, irin na Crown da QSC, suna ba da wat mai yawa da sauƙin kuɗi, sai dai yawancinsu na da fanka, kuma za ka ji ta a lokacin da kiɗa ya yi ƙasa. Ga sabwufa sun dace, musamman in za a ɓoye su a wani ɗaki.

Masu bawul fa? Wanda ke aiki da bawul 300B guda ɗaya wat 8 yake bayarwa ko kusa da haka. Da lasifika mai desibel 100 zai iya cika babban ɗaki a ƙara mai kyau. Da mai desibel 87 ɓata kuɗi ne.

Amfilifaya mai ƙarfi ba zai ƙona mini lasifika ba?

Zai iya, in ka yi ganganci. Amma ƙarami da aka matsa wa shi ma yana ƙonawa. Idan aka nemi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya datse kan sautin, matsakaicin wutar da ke shiga lasifika ya tashi, tuwita, ƙaramar lasifikar siraran sautuka, ce kuma ke fara mutuwa. Alamar ita ce sauti ya yi kaushi yana sukar kunne. Da ka ji haka, rage murya.

Waya fa? Tazarar tana da tsawo.

Tagulla mai kauri ta isa, ba sai mai tsada ba. Waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 tana da turjiyar kusan om 0.14 a tazarar mita 10, in aka haɗa zuwa da dawowa, abin da bai dami lasifikar om 8 ba. Ga mai om 4 ko tazarar da ta fi haka, ɗauki mai 4. Hanya mafi kyau ita ce a ajiye amfilifaya kusa da lasifiku, a ja dogon layin sigina da wayar XLR, wadda aka tsara don ta kore hayaniyar da doguwar waya ke kwasowa.

Manhajar gyaran sautin ɗaki za ta wadatar?

Dirac Live, Audyssey da makamantansu suna da amfani sosai a yankin bas: suna rage kumburi, suna daidaita lokacin isowar sabwufa da na manyan lasifiku. Ba sa rage amsa-kuwwa, kuma ba sa cike ramin da sauti ya kashe kansa a ciki. In aka tilasta musu ɗaga wani wuri da desibel 6, sun ninka buƙatar wat sau huɗu a wurin. Makirufon awo irin UMIK-1 da manhajar REW, wadda kyauta ce, za su nuna maka ainihin abin da ke faruwa a kujerarka, kuma ya fi kyau ka gani kafin ka kashe manyan kuɗi.

Wace ƙara ce ta yi yawa?

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 94 awa 1, 100 minti 15. Lambobin 100 da 105 da muka yi lissafi da su na ƙololuwa ne, na ƙiftawar ido, ba matsakaicin ƙara ba. Haɗarin manyan kaya masu tsabta shi ne ba sa gargaɗi. Sautin ba ya fashewa, sai ka yi ta ƙarawa ba ka ankara ba. Ajiye ma'aunin ƙara kusa da kujera, ko na waya ne.

Kuɗina ba zai kai ga komai a lokaci ɗaya ba. Da me zan fara?

Da abin da ba ya cin ko sisi: ware wani sashe na ɗakin ya zama wurin sauraro. Janye lasifiku daga bango, matso da kujera zuwa mita 3 ko 3 da rabi, ka bar tazara irin wannan tsakanin lasifikun biyu, ka ɗan karkato su su fuskance ka. Mutane da yawa daga nan suke gane cewa kayansu ba su da laifi. Bayan haka kafet da labule, sai sabwufa biyu, sai manyan lasifiku idan har yanzu akwai buƙata. Amfilifaya ne na ƙarshe, domin sai ka san lasifikar da tazarar za ka san wat ɗin.

Idan ka je gwaji, tuna cewa ɗakin mai sayarwa ba naka ba ne. Tafi da kiɗan da ka sani ciki da waje, tsaya a irin tazarar da za ka zauna a gida, ka ɗaga murya zuwa inda ka saba, ka ƙara kaɗan, ka ji ko sautin ya buɗe ko ya takure. In mai kaya ya yarda ka kai su gida ka gwada da sharaɗin mayarwa, karɓi wannan ko da farashin ya ɗan fi na wani wuri.